Saƙon da Na Canja a Gindin Gawo

Shekarar da aka canja kuɗi ce, wadda 'yata Binta, mai rubuta mini wannan magana, ta ce ita ce 1984. Wata Laraba da hantsi a cikin bazara, rana ta riga ta fara cizo, ina durƙushe a bakin ƙaramar kanal ina wanke kwandunan tumatir, sai na ji Babanmu ya ƙwala mini kira daga tsakiyar gona. Ba irin kiran da yake yi in yana son ruwan sha ba ne. Na taso da gudu, bakin zanena a jiƙe, na same shi tsaye riƙe da tushen tumatir da ya tumɓuke. Ganyen ya yi laushi ya sunkuya kamar an watsa masa ruwan zafi, saiwar kuwa duk ta kumbura, ta yi ƙulli-ƙulli, ba kyan gani. Fangali uku na bayansa duk haka suke, ga 'ya'ya sun fito amma sun ƙi girma. A gefensa akwai wani baƙo mai yawon sayar da maganin feshi, ya jingine kekensa a bakin hanya da galan-galan ɗaure a baya, yana sakace haƙori da tsinke. Baba ya dube ni, idonsa ja, ya ce, "Uwani, kada ki yi mini ƙarya. Me kuke zubawa a gonar nan ke da Iya in na tafi masallacin Juma'a?"

Tun daga wannan tambaya har zuwa la'asar ɗin ranar, babu abin da na manta. Na manta shekaruna, na manta fuskokin ƙawayena da yawa, amma wannan yini yana nan a ƙirjina kamar garwashi. Mutum ɗaya na taɓa ba wa labarin, mijina Malam Sani, shi kuma mun rufe shi a daminar da ta wuce. Tun da na fita takaba ba na iya riƙe hawaye, ba na iya riƙe magana. Ina kuka ina faɗa, Binta tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini fushina, ta bar shi yadda ya fito.

Iya ita ce mahaifiyar Babanmu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya iya kiran sunana na yanka, sai ya ce Uwani, ita kuma takan ce mini Takwara. A ɗakinta nake kwana, a ƙwaryarta nake cin tuwo. Baba shi ne ɗanta na fari, kuma Iya irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ban taɓa ji ta ambaci sunansa ba. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta zama inda yake zaune. In ya zo gaishe ta da safe ya durƙusa a ƙofar ɗaki, sai ta juya wa ƙofa baya ta amsa da "Lafiya" ɗaya tak. In tana da magana da shi, ni ce bakinta. "Takwara, je ki ce wa wancan katangar bayan gida ta tsage." Ni ma in ya ba da amsa in kawo. Mutane suna yaba mata, suna cewa ta iya alkunya. Ni ma a lokacin daɗi nake ji, ina ganin ni wata ce, tun da manya biyu ba sa iya magana sai ta kaina.

Ban tashi na ga gonakinmu yadda suke a da ba, sai dai kaɗan-kaɗan kamar mafarki. Ina ƙarama katafila ta shigo yankinmu na tsakanin Kura da Bunkure, ta tumɓuke itatuwa, ta baje tudu ta cike kwari, aka ja kanal aka kawo ruwa. Ba zan yi butulci ba, ruwan nan ya kawo alheri. Mutanen da suke tafiya cin rani suka zauna a gida. Aka noma alkama da tumatir da albasa a lokacin da a da ba a ganin ko ɗanyen ganye. Baba ya sayi keke da rediyo, ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Mu yara kuwa kanal ta zame mana wurin wasa, muna wanka muna kama 'yan kifi da tsohon gyale, muna tsere da jiragen kara, in an gama mu zauna a kan siminti mu yi carafke har a aiko a kore mu. Amma gonar da aka ba Baba bayan an raba, ba ƙasar ubansa ba ce. Katafila ta kankare baƙar ƙasar sama ta tura ta wani wuri, ta bar masa ja mai tauri, wadda in ta bushe sai ta tsattsage kamar tafin ƙafar tsoho. Ba ta ba da komai sai an ɗura mata takin zamani, bana buhu kaza, baɗi ta nemi ƙari.

Wuri ɗaya ne katafila ta bari, gayaunar Iya. Wani ɗan tudu ne tsakanin babbar kanal da tsohuwar hanyar jakuna, ruwa ba ya iya hawansa, don haka ba su ga amfanin taɓa shi ba. Ba ta da girma, babban mutum zai zagaye ta kafin ya gama cinye goro ɗaya. A tsakiyarta akwai wani tsohon gawo, da amya biyu rataye a rassansa. Shi gawo da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi lif, shanun Fulani da awakinmu su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zubar da kashi. Da rani Iya takan shuka wake a gefen da ke kusa da kanal, inda laima ke tsattsafowa, da damina kuma ta haɗa gero da wake a ko'ina. Ban taɓa ganin an zuba ƙwayar takin zamani ɗaya a wurin ba, ban taɓa ganin an yi feshi ba, amma in ka ga geronta sai ka rantse wani asiri gare ta.

Ƙasar wurin baƙa ce, mai laushi, in ka damƙa sai ta warware a hannu kamar dambu, ga wani ƙamshi kamar na sabuwar randa. Aikina shi ne cire ciyawa da korar tsuntsaye da tara karmami a gindin shuka, amma rabin yinin a kwance nake rub da ciki ina kallon abin da ke yawo a ƙasa. Buzuzu yana mirgina kashin shanu da ƙafafun baya har ya kai shi rami ya binne. Gara ta lulluɓe tsohon kara da laka, bayan kwana kaɗan ka taɓa ka ji ya zama gari. In na tona da yatsa sai tana ta fito tana mutsu-mutsu. Akwai wani ɗan ƙwaro ja mai ɗigo-ɗigon baƙi, mu yara muna ce masa kunkurun wake, ban san sunansa na gaskiya ba, shi ne yake bin ƙasan ganye yana cinye darɓa, 'yan ƙwarin nan masu tsotse ganye. Ƙudan zuma kuwa tun da safe suke sauka kan furen wake. Na taɓa take wani buzuzu don wasa, Iya ta finciki kunnena har sai da na ga taurari. Ta ce, "Ke kika ɗauke shi aiki da za ki sallame shi? Duk wanda kika gani a nan ɗan ƙwadago ne, kuma ba ya karɓar ko sisi."

Ita ta nuna mini ƙurajen saiwar wake. Ta tumɓuke tushe ɗaya a hankali, ta kakkaɓe, sai ga wasu 'yan ƙwallaye manne da saiwar kamar ƙwayar dawa. Ta murza ɗaya da yatsa ya ɓalle ya faɗo tafin hannunta, ta sa farce ta fasa shi. Cikinsa ja ne, kamar naman da aka yanka yanzu. Ta ce, "Kin gani, Takwara? Mai rai ne. Nan wake yake dafa abincinsa, ya ci, ya rage wa gero. In kin fasa kin ga ja, ƙasa tana da lafiya." Na tambaye ta wa yake sa su, ta ce Allah, amma a cikin ƙasa suke, kuma ba kowace ƙasa ba. Shi ya sa a zuriyarsu in mace za ta buɗe sabuwar gayauna, takan je ta roƙi ƙwarya ɗaya ta ƙasa daga tsohuwar gonar wake ta barbaɗa. Ta ce kamar madara ce, ba ta zama kindirmo sai an ɗiga mata ɗan na jiya. Ƙasar gayaunarta daga ta uwarta aka ɗebo ta, ta uwarta kuma daga ta kakarta, kuma ta yi mini alkawari ranar da zan yi tawa, daga nan za a ɗebar mini.

To, Iya tana ganin ɗanta yana fama da jar ƙasa, yana ramewa, yana dawowa gida da fuska a ɗaure. Wata uwa da sai ta zaunar da shi ta ce ga abin da za ka yi. Ita ba ta iya ba. Ta taɓa aike na in ce masa ya huta da tumatir shekara ɗaya ya shuka wake, ya yi dariya ya ce in gaya mata zamanin noman ƙwarya ya wuce. Daga nan ba ta sake aike na da wannan magana ba. Sai ta koma yi masa a ɓoye. Duk Juma'a in maza sun tafi masallaci gonaki sun yi tsit, sai ta cika mini ƙwarya da ƙasar gindin gawo, in ɗauka a ka, mu bi bakin kanal mu je gonar Baba, tana barbaɗawa tana addu'a. Mun yi haka tun farkon sanyi. Ban san wa ya gan mu ya kai masa ba.

Da ya tambaye ni a wannan Laraba, na fara cewa ba komai. Ya ɗauke ni da mari, karo na farko a rayuwata, ni da yake kira uwarsa. Sai na faɗa. Mai maganin ya tofar da tsinken bakinsa ya tafa hannu ya ce, "Alhaji, ai ga ta nan! Na gaya maka wannan cuta a ƙasa take, kuma ɗauko ta ake yi. Mu je in ga wurin." Baba bai taɓa zuwa Makka ba, amma wannan mutumin kowa Alhaji ne a wurinsa in yana son ya sayar masa da galan. Suka tasa ni a gaba har gayauna. Iya tana can tana tsinkar ɗanyen wake. Da ta hango ɗanta ya nufo, ta yi abin da ta saba, ta ja mayafi ta koma gindin gawo ta zauna ta ba shi baya. Mai maganin ya shiga cikin wake da takalminsa, ya finciko tushe ɗaya, ya ɗaga shi sama kamar ya kama ɓarawo. "Dubi! Dubi ƙurajen! Iri ɗaya da na tumatirinka. Nan ne gidan cutar. Tsohuwa ta yi ta kwasa tana kai maka da hannunta."

Ba iri ɗaya ba ne. Ni yarinya na san ba iri ɗaya ba ne. Na tumatir saiwar ce da kanta ta kumbura, ko ka murza ba ya ɓallewa, in ka fasa fari ne mai ruwa-ruwa kamar ruɓa. Na wake kuwa a gefe yake manne, yana ɓallewa, cikinsa ja. Amma Baba ya yi shekaru rabonsa da ya tumɓuke wake ya duba, kuma mutum ne da amfanin gonarsa na shekara yake mutuwa a gabansa. Ya ce, "To yanzu me za a yi?" Mai maganin ya ce a kankare ƙasar a zubar, a ƙone abin da ya rage, a jiƙa wurin da magani mai ƙarfi, in ba haka ba duk gonakin layin za su kamu, kuma mutane za su san daga gidan wa ta fito.

Iya ta ji. Ta yafito ni da hannu ba tare da ta waiwaya ba. Na je na durƙusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa, muryarta ba ta ko rawa. Ta ce, "Takwara, je ki ce wa wancan ya fasa ɗaya na wake, ya fasa ɗaya na tumatir, ya dubi cikinsu. In iri ɗaya ne, ni da kaina zan ƙyasta ashana." Tsakanin gindin gawo da inda Baba yake tsaye bai fi taku ashirin ba. Na tashi na fara tafiya. Kuncina yana zafi, kunnena yana ƙara. Na ga ya karyo tsumagiya yana kaɗa ta a ƙafarsa, na ga baƙon yana kallona yana murmushi. Na isa gabansa, ya daka mini tsawa ya ce, "Me ta ce?" Sai na ji bakina ya ce, "Ta ce ka yi haƙuri."

Abin da na faɗa ke nan. Baba ya girgiza kai, ya dubi mai maganin ya ce, "Ka ji ko? Ita ma ta san ta yi ɓarna." Na koma wurin Iya ta ce, "Ya fasa?" Na ce, "Ya ce ba zai fasa ba." Can ta tashi, ta ɗauki ƙwaryarta, ta kama hanyar gida, ba ta waiwaya ba.

Kafin azahar ya kawo 'yan ƙwadago huɗu da jakuna. Suka kankare baƙar ƙasar nan da shebur, ƙasar kakannin Iya, suka loda a mangala suka je suka juye ta a wani kududdufi da ake zubar da shara. Suka tumɓuke waken da furensa da 'ya'yansa, suka tara da karmami a gindin gawo suka cinna wuta. Harshen wutar ya kai rassa, amya ɗaya ta faɗo ta fashe, zuma tana tafasa a cikin toka. Da wuta ta lafa mai maganin ya haɗa ruwansa mai wari kamar kananzir, ya ce a ninka don wurin ya daɗe da cuta, suka yi ta zubawa har ƙasa ta yi kumfa. Ina tsaye a kan kanal ina kallo. Na ga tana suna fitowa daga ƙasa suna murɗewa suna sandarewa. Na ga buzuzu a kwance ƙafafu sama. Washegari da na koma, ƙudan zuma sun zube a hanyar jakuna kamar an watsa baƙin wake, wurin ya yi tsit, babu ko ƙarar ƙuda ɗaya. Ban taɓa sanin gayaunar tana da murya ba sai da ta yi shiru.

Ina jin haushin wannan mai magani har gobe. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba, ya karɓi kuɗinsa ya hau keke, ba mu sake ganinsa ba. Mutumin da bai san bambancin cuta da lafiya ba, aka bar shi yana yawo gona-gona da guba a bayan keke, yana magana kamar likita. Ina jin haushin Baba, Allah ya jiƙansa, da ya yarda da baƙon da ya gani yau ya ƙi uwar da ta shekara sittin tana noma. Ina jin haushin wannan kunya da ake yabo, wadda ta hana uwa ta taka taku ashirin ta kama hannun ɗanta ta ce duba. Da ta tashi ta yi masa tsawa sau ɗaya a rayuwarta, da mutanen gari sun yi gulma kwana biyu sun manta, da gayauna tana nan. Amma suka ɗora wannan kaya duka a kan yarinyar da aka mara yanzu-yanzu. Kuma bayan na gama jin haushinsu duka, sai in dawo kan kaina, nan ne ya fi zafi.

Da damina ta sauka Iya ta aike ni na shuka mata wake a wurin, ita ba ta je ba. Ya fito siriri, ganye rawaya, na tumɓuke ɗaya na ga saiwa fayau, babu ko ƙurji ɗaya. Darɓa ta rufe shi baƙi ƙirin, babu kunkurun wake da zai ci ta. Ɗan furen da ya yi ya kakkaɓe. Geron da na haɗa da shi wuta-wuta ta shanye shi tun bai kai gwiwa ba. Gawon ya yi shekara ɗaya yana fama da ƙunar gefensa, sannan ya bushe, aka sare shi aka yi turame. Ita kuwa cutar tumatir, da rani ya zagayo ta dawo gonar Baba fiye da da. Ta kama gonar maƙwabcinsa, ta kama gonakin da ke can wajen Garun Mallam, inda ƙafar Iya ba ta taɓa takawa ba. Wani malamin gona mai hankali da ya zo daga baya ya ce musu tumatir a kan tumatir kowace shekara ne ya jawo, su riƙa canja shuka. Abin da Iya ta aike ni in faɗa tun farko ke nan, aka yi mata dariya. Baba ya ji, ya sunkuyar da kai, amma bai je ya ce mata komai ba. Shi ma kunyarta yake ji.

Iya ta yi damina biyu bayan wannan. Ba ta sake aike na wurin Baba ba, ko a kan katanga, ko a kan gishiri. In ya zo gaisuwa da safe ko "Lafiya" ɗin ta daina, sai ta yi gyaran murya kawai. Ita tana ganin ta roƙi ɗanta ya fasa ƙurji ɗaya ya ƙi. Shi yana ganin uwarsa ta amsa laifi sannan ta riƙe shi a zuci. Ni kaɗai na san gaskiya, ina kwana a bayanta, ina jin numfashinta, kullum ina cewa gobe zan faɗa. Ranar da ciwo ya tsananta ta kama hannuna ta ce, "Takwara, na yi miki alkawarin ƙwarya ɗaya ban cika ba. Ki yafe mini." Ita take neman gafarata. Na buɗe baki, kuka ya riga magana, kafin in natsu mata sun shigo sun fitar da ni. Baba ma ya rasu ban gaya masa ba.

Malam Sani na gaya wa, bayan na haifi Binta. Ina tsammanin zai ce yarinta ce, a manta. Bai ce ba. Washegari ya ɗauki kekensa da buhu, ya tafi can bayan Madobi inda ruwan kanal bai kai ba, ya yi ta tambaya har ya sami wata tsohuwa mai gonar wake a gindin gawo, ya roƙo mini ƙasa. Ya yanke mini kusurwa ɗaya a gonarsa ya ce, "Ga naki, ba mai fesa miki komai a nan." Mutane suna yi masa ba'a, wai mai ɗaukar ƙasa daga wani gari kamar tasa ta ƙare. Yakan ce, "Ai ta ƙare ɗin." Ya dasa mini gawo ma, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Shekara da shekaru kafin tana ta dawo, kafin in sake ganin buzuzu. Ƙudan zuma dai har yau ba su zauna ba, don maƙwabta suna feshi ta kowane gefe, iska tana kawowa. Yanzu gawon ya yi inuwa, wanda ya dasa shi ba ya nan ya zauna a ciki.

Binta ta yi karatu, ita take koyar da noma a makarantar 'yan mata. Kwanakin baya ta zo mini da wata 'yar leda mai baƙin gari a ciki, ta ce sabon abu ne, ana cuɗa shi da irin wake kafin a shuka. Wai wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su suke shiga saiwa su yi ƙurajen nan, su jawo wa shuka abinci daga iska, wanda ya rage ya zauna a ƙasa. Wai in ƙasa ta ƙoshi shuka takan yi ƙarfi, ƙwari masu ɓarna ba sa cin ta da sauƙi, masu amfani kuma su samu wurin zama. Wai na tumatir kuwa wata 'yar tsutsa ce daban. Tana ta bayani da murna. Na ce, "Yanzu abin da aka loda a jaki aka zubar a kududdufi, shi ne aka ƙulla a leda ana sayarwa?" Ta ce, "Shi ne, Inna." A ranar na ce ta nemo takarda.

Yanzu in ka bi bakin kanal sai shinkafa da tumatir iyakar ganinka, da samari goye da tankin feshi, da robobin magani a yashe a cikin ruwan da muka yi wanka. Yara ba su san buzuzu ba. Inda gayaunar Iya take an yi wurin wankin babura. Jiya na sa Binta ta kai ni kusurwata, na tumɓuke wake ɗaya, na lalubi ƙurji na murza ya ɓalle, na fasa shi da farce. Idona ya yi rauni, ba na rarrabe launi sosai. Na miƙa mata tafin hannuna na ce, "Duba mini." Ta ce, "Ja ne, Inna." Na tsaya da shi a hannu ina waige-waige, babu Iya, babu Baba, babu Malam.

Taku ashirin ne kawai, ga shi har yau ban isa da saƙon ba.